Sunan da Aka Sa wa Ɗakin Tahirou

Garejin Alhaji Lawal bai taɓa kwana da mota a ciki ba. Tun da ya sayi gidan, a wata tsohuwar unguwa ta gabashin Greensboro, ya shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango, ya jera matasai, ya ajiye hita a kusurwa, ya gaya wa matarsa Hajiya Bebi cewa mota ba ta jin sanyi, tata ta kwana a waje. Ƙofar garejin titi take kallo. Ranar Asabar bayan la'asar sai ya ɗaga ta sama ya zauna. Ɗaga ƙofar nan ita ce gayyatar, ba ya kiran kowa a waya.

Mutanen Najeriya suna ce wa wurin majalisa, mutanen Nijar suna ce masa fada, amma shayi ɗaya ake sha. A nan baƙo sabon sauka yake jin masana'antar da ke ɗaukar ma'aikata. A nan ake ƙulla aure, a nan ake sasanta abokan haya, in an yi rasuwa a nan ake tsai da shawarar binnewa ko kaiwa gida. Alhaji Lawal ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, tasi ya tuƙa har gemunsa ya yi fari. Amma yana da wurin zamansa, jikin ƙaramar ƙofar da ke shiga kicin, inda yake ganin mai shigowa kafin mai shigowa ya gan shi, kuma ba a rufe magana sai an waiwayi wurin nan. Abin da ya mallaka a Amurka ke nan, shi ma ya sani.

Tahirou kuwa mutumin Zinder ne. Alhaji Lawal ne ya tsince shi a tashar bas ta tsakiyar gari, ya sauko daga New York da jaka ɗaya da wata 'yar rigar sanyi da ba ta tare komai. A garejin nan ya kwana watanni, ya ci tuwon Hajiya Bebi har ya yi kumatu. Daga baya ya shiga sayen motocin da suka yi haɗari a wurin gwanjo, a gyara, a tura Kwatano a kwantena. Allah ya buɗa masa. Ya sayi gida a Summerfield, can arewa da gari, inda maƙwabcinka yake da dawaki kuma sai ka ɗaga murya kafin ya ji gaisuwarka.

Akwai wani abu da ya kamata a sani. Tsakanin Kanawa da Damagarawa, wato mutanen Zinder, akwai wasa tun zamanin kakanni. An yi yaƙi, yaƙi ya ƙare, ya bar barkwanci. Badamagare yana iya tsare Bakano a kasuwa ya kira shi bawansa, Bakano ya rama da abin da ya fi, kuma duk wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Alhaji Lawal Bakano ne na cikin birni. Amma Tahirou bai taɓa yi masa wannan wasa ba, ko sau ɗaya. Wanda ya kwana a garejin mutum ba ya kiran sa bawa. "Ku" ma yake ce masa, kamar yana magana da mutum biyu.

Gidan Summerfield bai dami Alhaji Lawal ba. Ya je ya gani, ya sa albarka, ya dawo ya yi barci lafiya. Gida na mata da yara ne, kuma duk girmansa Tahirou yana tuƙo motarsa kowace Asabar ya zo ya zauna a kan kafet ɗin gareji kamar kowa.

Sai wata Asabar, sanyin 2006 ya fara ja da baya, Tahirou ya jira aka sha kofi na biyu, ya zaro wani hoto da ya yanko daga mujalla ya ajiye a tsakiya.

"Bon, jama'a. Wannan nake so in gina a jardan ɗina, wato lambuna."

Hoton wani ɗaki ne da aka yi shi da gungumen itace zalla, gungume a kan gungume, ƙarshensu sun sarƙe da juna a kusurwa kamar yatsun hannu biyu. Turawan wurin suna ce masa kabin. Tahirou ya ce ba irin na kanti da ake kawowa a mota a dire ba, ya samu wani kafinta da zai zana masa nasa daga farko, yadda yake so. Hoto ya zagaya hannu zuwa hannu. Malam Husaini, dattijon da ke jan su salla, wanda gwiwoyinsa suka daɗe suna ƙara a kan simintin gareji, ya tambaya ko daɓen ma na katako ne. Aka ce na katako ne, har da ɗumi a ƙarƙashi. Malam ya daɗe yana kallon hoton.

Zabeirou, wani mutumin Maraɗi da bakinsa ke riga kansa, ya ce, "Kai, ashe fada ta samu gida."

Ba wanda ya kalli Alhaji Lawal. Wannan rashin kallon shi ya fi ci masa rai.

Shekaru yana kai fasinjoji Irving Park, unguwar attajirai, yana ganin gidajen da ba su da iyaka, wasu da irin ɗakunan nan a gefen lambu, bai taɓa jin komai a ƙirjinsa ba. Na Turawa ne, su da ubanninsu. Yau ga hoto kawai, ko gungume ɗaya ba a sare ba, shayi ya koma masa ruwan ɗaci.

Tahirou ya matso ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya bar gida yana saurayi, abin da ya tuna na zaure kaɗan ne. Alhaji ne ya girma a zauren mahaifinsa a birnin Kano. Yana roƙo ya zo ya zauna da kafintan, ya gaya masa yadda ɗakin maza yake. Alhaji Lawal ya yi murmushi, ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne.

Da aka watse ya shiga ciki, Hajiya Bebi ta ajiye masa abinci, ya tura shi gefe. Ta riga ta ji komai ta ƙofar kicin.

"Alhaji, kishi kake yi da ɗakin katako?"

Ya ce ita dai ba ta san duniya ba. Tausayin yaron yake ji, zai je ya tara itace wuri ɗaya gara ta samu abinci. Ta ce to Allah ya sa tausayin ya bar shi ya ci tuwo. Ta ƙara da cewa in majalisa ta tashi, ita tana da abin da za ta sa a garejin.

Kafintan sunansa Eli, wani dogon Bature mai furfura daga duwatsun yammacin jihar, fensir a bayan kunne, magana a hankali kamar yana auna ta da tef. Suka haɗu a filin da ke bayan gidan Tahirou, ciyawa kore shar har zuwa bakin wasu itatuwa. Eli ya shimfiɗa zanensa a kan bonet ɗin motarsa. Ya sa baranda da kujeru masu lilo, babbar taga a tsayin ƙirji, murhu a tsakiyar bango, da wata doguwar kanta ta ajiye kwalabe.

Alhaji Lawal ya zo da shiri. Ya san masu kuɗin jiya-jiya: suna son abu ya yi kyau, amma ba sa son ya yi wuya. In ya ɗora sharaɗi a kan sharaɗi, Tahirou zai gaji, ko Baturen ya naɗe takardarsa ya tafi. Sai ya sa yatsa a kan zanen ya fara.

Kantar kwalabe a cire. Kujerun lilo a cire, ba tsofaffin mata za su zauna ba. Taga a sauko da ita ƙasa, don mutanenmu a ƙasa suke zama, wanda ke zaune yana son ya ga wanda ke tahowa. Ƙofa biyu ake yi wa zaure, ta baƙi da ta maigida, kuma ba sa kallon juna, don kada baƙo ya tsaya a ɗaya ya hango matan gida ta ɗayar. Bangon alƙibla kada a huda shi ko da ƙaramar taga, kada wani ya gitta gaban masu salla. A yi wurin ajiye takalma ƙarƙashin rufi, don ruwan garin nan ba ya sallama. A ja famfo, a yi wurin alwala da mazauni da magudana da kantar jera butoci. Gawayin shayi ba ya shiga ɗakin itace, a yi masa 'yar rumfarsa ta dutse a gefe, kusa yadda mai dafawa zai ji hira.

Duk abin da ya faɗa, Eli ya goge ya sake zanawa, Tahirou ya ce, "Dakor," wato ya yarda. Ko gira bai ɗaga ba. Alhaji ya ƙara, aka ce dakor. Ya sake ƙarawa, aka ce dakor. Eli ma sai daɗi yake ji, wai ya gaji da gina wa mutane ɗaki iri ɗaya.

Can wajen tsakiya Alhaji Lawal ya manta abin da ya kawo shi. Ya karɓe fensirin daga hannun Eli. Ya nuna inda maigida yake zama, jikin ƙofar ciki, a ɗan ɗaga wurin da taƙi guda, a yi masa majingina. Eli ya tambayi faɗinsa da tsawonsa, Alhaji ya zauna a kan ciyawa ya miƙe ƙafa yadda yake zama, Eli ya ja tef ya auna bayansa da cinyarsa. Sai da ya tashi yana kakkaɓe riga, ya dubi takardar, ya ga zauren mahaifinsa kwance a kan bonet ɗin motar Bature. Zauren da ya shekara da shekaru yana ginawa a kansa in yana jiran fasinja, ya fitar da shi kaf ya miƙa wa Tahirou kyauta.

Saura harsashi ɗaya a aljihunsa. Ya ce duk wannan banza ne in ba a gina shi a gaban gida ba. Zaure bakin titi yake, mai wucewa ya yi sallama ya shigo ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Eli ya girgiza kai, ya ce dokar wurin ba ta yarda a kafa gini tsakanin gida da titi ba, sai dai a baya. Alhaji ya san da haka tun kafin ya tambaya.

"To ba zaure ba ne," in ji shi. "Ɗaki ne dai mai kyau."

Tahirou ya ce ba komai, za a yi 'yar hanya ta tsakuwa daga inda ake ajiye motoci, ta bi gefen gida ta kai mutum har ƙofa. Eli ya zana hanyar nan take.

Aka shiga aiki da bazara. Alhaji Lawal ya ce ba zai sake zuwa ba, amma sai ga tasinsa a Summerfield yau, ga ta jibi, wai ya sauke fasinja a kusa. Ba mai ɗaukar tasi zuwa Summerfield, kowa yana da mota uku. Ya tsaya ya ga an kawo gumaguman, jajaye a ciki, masu wani ƙamshi kamar an buɗe akwatin turare. Ya tambayi Eli maganar gara, Eli ya ce wannan itacen gara ba ta kusantar sa. Ya ga yadda ake fafe ƙarshen kowane gungume ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna daram, a cike tsakaninsu da wani farin kwaɓi kamar siminti. Ya zagaya yana neman aibi. Ya ƙwanƙwasa bango, ya girgiza ƙyaure, ya zuba ruwa a wurin alwala ya ga ko zai kwanta. Ruwa ya bi magudana ya wuce abinsa.

A gareji kuwa hira ta koma hirar ɗakin. Wanda ya je ya gani ya ba wanda bai je ba labari. Malam Husaini ya fara zuwa da ɗan bargo yana ninkewa ƙarƙashin gwiwa, abin da bai taɓa yi ba, kuma yana yi yana nishi yadda kowa zai ji.

Ana gab da gamawa, wata rana da hantsi, Alhaji ya tarar da Eli shi kaɗai yana goge wani faffaɗan allo na katako. Eli ya kira shi gefe kamar mai shirin gulma. Ya ce al'adarsa ce, duk ɗakin da ya gina yana sassaƙa masa suna a allo ya kafa a saman ƙofa, kyauta, kuma ba ya gaya wa mai ɗaki sai ranar buɗewa. Yana so ya yi wannan da harshensu. Ya ji suna ta faɗin wata kalma, zaure, ko ita zai sa?

Alhaji ya ce ai ya riga ya faɗa, zaure a gaba yake. Wannan a baya yake.

Eli ya ce gaskiya ne. To yaya ake cewa bakyad da harshenku, wato filin da ke bayan gida?

Alhaji Lawal ya dubi ɗakin. Rana ta bugi gumaguman suna sheƙi, ƙofar baƙi tana nan inda ya ce, tagar tana nan ƙasa inda ya ce. Ya dubi Baturen da fensirinsa a hannu.

"Bayan gida," in ji shi.

Eli ya sa ya maimaita, ya sa ya jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a jikin allon. Ya faɗa da bakinsa sau biyu, ya ce kalmar tana da daɗin faɗi.

A hanyar komawa gari Alhaji ya yi wa kansa shari'a ya wanke kansa. An tambaye shi, ya amsa. Baya baya ne, gida gida ne, ba ƙarya a ciki. Ba laifinsa ba ne in duk Bahaushen da ya ji "bayan gida" masai yake zuwa masa a rai, inda ake shiga da buta a rufo ƙofa. Ya kuma yi lissafinsa irin na wanda ya san mutane. Allo ana iya cire shi a ƙona, amma suna in ya shiga bakin Zabeirou ya shiga ke nan. Wane magidanci ne zai ce wa abokinsa mu haɗu a bayan gidan Tahirou mu sha shayi? Wane malami ne zai ja salla a wurin da ake kira haka? Za a je sau ɗaya a yi dariya, a dawo gareji. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, Hajiya Bebi ta bi shi da kallo.

Tahirou ya sa walimar buɗewa ranar Asabar bayan la'asar, ganyen itatuwa sun fara ja. Asabar ce ta farko da ƙofar garejin Alhaji Lawal ta wuni a rufe. Motoci suka cika gefen gidan Summerfield. Fassouma matar Tahirou ta aiko da manyan farantai na dambu da gasasshen rago ta ƙofar ciki, ba wanda ya ga ko gyalenta, kamar yadda aka tsara. Mutane suna shafa bango suna shinshina hannu. Malam Husaini ya cire takalmi ya taka daɓen, ya ji ɗumi ya ratsa tafin ƙafarsa, ya lumshe ido.

Sai Eli ya nemi a fito waje. A saman ƙofar baƙi akwai wani abu lulluɓe da tsumma. Ya yi ɗan jawabi, ya ce bai taɓa gina ɗakin da ya koya masa abubuwa kamar wannan ba, ya hau tsani ya yaye tsumman.

Aiki ne mai kyau, ba a cewa komai. Haruffa manya, an fafe su da zurfi, an ƙona cikinsu sun yi baƙi, an zagaye su da ganye. BAYAN GIDA.

Wani ya yi tari. Zabeirou ya juya baya ya kama wata bishiya, kafaɗunsa suna rawa. Eli yana kan tsani yana murmushi, ya karanta da ƙarfi don kada a ce bai iya ba, sannan ya nuna Alhaji Lawal ya ce ga malaminsa nan, shi ya koya masa.

Duk aka juya. Wannan karon kowa ya kalle shi.

Tahirou bai juya da wuri ba. Ya daɗe yana duban allon, wuyansa ya kumbura, jijiyar goshinsa ta fito. Alhaji Lawal ya gyara tsayuwa yana jiran ɗaya daga cikin biyu: ko a sauke allon a gaban jama'a, ko a yi masa rashin kunya a gaban jama'a. Kowanne ya zo, ya ci riba.

Sai Tahirou ya fashe da dariya. Ya yi ta har ya dafa gwiwa.

"Jama'a, laifina ne," in ji shi. "Ni na ɗauki bawan Damagaram na sa shi aikin gini ban sa masa mai tsaro ba. Bakano ko ya shekara ɗari a gidanka, sai ya nuna maka inda hankalinsa yake."

Dariyar da aka danne ta ɓalle gaba ɗaya. Zabeirou ya zauna a ciyawa. Kanawan da ke wurin suka fara ramawa, wai ai Alhaji ya duba mai ɗakin ne ya ba shi sunan da ya dace da shi, Damagarawa suka ce a bar bayi su yi ta haushi. Eli ya sauko daga tsani yana tambayar abin da ya faru. Wani ya raɗa masa a kunne, fuskarsa ta yi ja har wuya, ya ce yanzu zai cire. Tahirou ya riƙe masa hannu ya ce ko ƙusa ɗaya kada ya taɓa. Wurin da babba da yaro, mai kuɗi da direba, kowa sai ya je, kuma ba mai tambayar ka dalili, ai ba sunan da ya fi wannan dacewa da fada.

Aka juya ga Malam Husaini, ko ya halatta a yi salla a ƙarƙashin wannan allo. Malam yana tsaye daga cikin ƙofa a kan daɓe mai ɗumi, bai ko yi dogon tunani ba. Ya ce suna ba ya kawo najasa, wuri mai tsarki mai tsarki ne, kuma allon a waje yake.

Tahirou bai gama ba. Ya je wurin alwala, kan kantar da Alhaji ya sa aka yi, ya ɗauko sabuwar buta shuɗiya. Ya zo gaban Alhaji Lawal ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce tunda shi ya zana wurin, shi ya raɗa masa suna, daga yau an naɗa shi Sarkin Bayan Gida, ga sandar mulki. Jama'a suka ɗauka, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin sarki.

Alhaji Lawal ya dubi butar. In ya ƙi karɓa, ya yi fushi da wasa, kuma kowa zai gane allon ba wasa ba ne. In ya karɓa, ya karɓa. Ya miƙa hannu, ya buɗe baki ya yi dariyar da ta fi ta kowa ƙara, ya ce Damagarawa dai ba su da abin naɗi sai buta.

Ana shiga cin abinci Tahirou ya tsaya kusa da shi a wurin takalma, ya sunkuya kamar yana gyara nasa.

"Alhaji, na san wasa, na san wanda ba wasa ba," in ji shi a hankali. "Na ci tuwon gidanka. Don haka wannan wasa ne."

Ya miƙe ya shige. Sai da Alhaji ya zauna ya lura cewa "gidanka" aka ce, ba "gidanku" ba.

Lissafinsa bai ƙi ba ta gefe ɗaya: sunan ya kama. Kafin mako ya zagayo har mutanenmu na Charlotte sun ji. Sai dai sunan bai kori kowa ba, kira ya zama. Magidanci ya ɗauki makullin mota, matarsa ta tambaye shi ina zuwa, ya ce zai zagaya bayan gida, ya fita yana dariya. Baƙo in ya sauka gari, abin da yake fara nema shi ne a kai shi ya ɗauki hoto ƙarƙashin allon.

Asabar ta gaba Alhaji Lawal ya ɗaga ƙofar gareji bayan la'asar kamar kullum. Ya kunna hita, ya hura gawayi a bakin ƙofa, ya zauna a wurinsa. Motoci suna wucewa. Gawayi ya ci ya zama toka, ya ƙara wani. Can sai ga motar Zabeirou ta tsaya, bai ko kashe inji ba, ya sauke gilashi.

"Ranka ya daɗe, jama'a suna can an ƙi zuba shayi, wai sai sarki ya iso. Akwai ma wata maganar aure da za a yanke."

Alhaji ya so ya ce ba shi da lafiya. Amma maganar aure za a yanke, kuma za a yanke ta ko yana nan ko ba ya nan. Ya zuba wa gawayin ruwa, ya ja ƙofar ƙasa, ya shiga motar.

An ajiye masa wuri mai kyau, da matashi biyu, kusa da ƙofar baƙi, an rataye butar nan a ƙusa saman kansa. Aka tashi aka gaishe shi, aka ba shi kofin farko. Ya yi magana a kan auren, aka saurara, aka ce gaskiya ne. Da aka zo rufewa sai ya ga kawuna sun waiwaya, ba wurinsa ba, can jikin ƙofar ciki, inda aka ɗaga da taƙi guda. Tahirou yana zaune a wurin. Gajere ne, majinginar ta yi masa nisa, sai da ya cusa matashi a bayansa kafin ya zauna daidai. Alhaji Lawal ya kafa wa matashin nan ido har aka yi addu'a. Shi kaɗai a ɗakin ya san bayan wa aka auna.

Bayan magariba Zabeirou ya sauke shi a ƙofar gida. Iska ta fara cizo, an ce da safe za a tashi da ƙanƙara a gilashin motoci. Ya tuna bai kashe hita ba, ya kama hannun ƙofar gareji ya ɗaga. An naɗe kafet an jingine shi a bango, an tara matasai a kusurwa, motar Hajiya Bebi tana tsaye a tsakiya, injinta bai gama hucewa ba.

Ta leƙo ta ƙofar kicin, hannunta da ludayi.

"Hajiya, ai na gaya miki mota ba ta jin sanyi."

"Ba ta ji," in ji ta. "Mai kankare mata gilashi da asuba ce take ji. Ka rufe, Alhaji, iska na shigowa."